Real Madrid: Gwaraza Na Wucewa, Kofuna Na Ƙaruwa

Zuwa ƙarshen kakar 2023/24, Real Madrid ta ɗauki kofin La Liga sau 36, Copa del Rey sau 20, Kofin Zakarun Turai kuma sau 15. Mai bi mata a Turai ita ce AC Milan da kofi bakwai, ko rabin na Madrid bai kai ba. Tun da aka fara La Liga a 1929 ba ta taɓa faɗawa rukuni na biyu ba, kuma Barcelona da Athletic Bilbao ne kaɗai ke da bakin yin wannan kirari tare da ita. Waɗannan alƙaluma duk mai bin ƙwallo ya san su, da su ake buɗe gardama a gidajen kallo. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda aka tara su. Idan ka bi jerin mutanen da suka kafa tarihi a ƙungiyar, daga wanda ya fi kowa cin ƙwallo zuwa wanda ya fi kowa buga wasa, za ka tarar da yawansu ba su bar gidan yadda suka so ba. Madrid tana ɗaukar gwarzo, ta mori ƙarfinsa, ranar da ta ga ƙafarsa ta fara nauyi ko bakinsa ya fara tsawo sai ta buɗe masa ƙofa, ta nemo wani.

Kafin a san ta a Turai

An kafa ƙungiyar a ranar 6 ga Maris 1902, a 1920 kuma Sarki Alfonso na 13 ya sa mata sunan Real tare da kambin sarauta a kan tambarinta. Ta ci Copa del Rey sau huɗu a jere daga 1905 zuwa 1908, amma a wancan zamani ba ita ce babba a Sifaniya ba. Bilbao da Barcelona sun fi ta tashe. Kashin da ya fi kowane muni da ta taɓa sha a La Liga a 1930 ne, lokacin da Espanyol ta lallasa ta 8-1. A shekarar ce ta sayo golan Espanyol ɗin, Ricardo Zamora, kuma a kakar 1931/32 ta ci kofin La Liga na farko ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba cikin wasa 18. Ta maimaita a kaka ta gaba, daga nan kuma sai shiru na shekara 21.

Yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939 ya tsayar da ƙwallo, ya bar ƙungiyar ba kuɗi, ba fili mai kyau. A 1943 ta ci Barcelona 11-1 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa, bayan an ci ta 3-0 a karawar farko. Har yau shi ne ci mafi yawa tsakanin ƙungiyoyin biyu, har yau kuma mutanen Barcelona na cewa an tsorata 'yan wasansu kafin a fito fili. A shekarar ce tsohon ɗan wasanta Santiago Bernabéu ya zama shugaba, kujerar da ya riƙe har rasuwarsa a 1978.

Bernabéu bai fara da sayen 'yan wasa ba, da gini ya fara. Ya karɓi rance daga banki da hannun mambobin ƙungiyar, ya gina katafaren fili da aka buɗe a Disamba 1947. A kakar da aka buɗe shi Madrid ta ƙare ta 11 cikin ƙungiyoyi 14, saura ƙiris ta faɗi. Lissafinsa mai sauƙi ne: babban fili zai kawo kuɗin tikiti, kuɗin tikiti zai kawo manyan 'yan wasa, su kuma su cika filin.

Di Stéfano da kofuna biyar a jere

A 1953 lissafin ya fara fita. Alfredo Di Stéfano ɗan Ajantina yana wasa a Millonarios ta Kolombiya, amma River Plate ma tana da haƙƙi a kansa. Barcelona ta daidaita da River, Madrid ta daidaita da Millonarios. Da rikici ya yi tsami, hukuma ta yanke cewa ya riƙa yin kaka ɗaya a nan, ɗaya a can. Barcelona ta ƙi wannan raba-daidai, ta sayar da rabonta. A kakarsa ta farko Madrid ta ci La Liga.

A ƙarshen 1954 jaridar L'Équipe ta Faransa ta kawo shawarar gasar zakarun ƙasashen Turai, Bernabéu na cikin waɗanda suka fara rungumar ta. A wasan ƙarshe na farko, a Paris a 1956, Reims ta ci Madrid ƙwallo biyu cikin minti goma, aka tashi 4-3 Madrid ce da kofi. Sai Fiorentina a 1957, Milan a 1958, Reims kuma a 1959. Na biyar ɗin shi ne wanda tsofaffi ba su daina ba da labarinsa ba.

Ranar 18 ga Mayu 1960 mutum 127,621 suka cika filin Hampden na birnin Glasgow. Eintracht Frankfurt ta Jamus ta zo da kwarjini, don ta zura wa Rangers ƙwallo 12 a wasa biyu na kusa da na ƙarshe, kuma ita ta fara cin ƙwallo a minti na 18. Di Stéfano ya farke, bayan minti uku ya ƙara. Sai Ferenc Puskás ya karɓa. Wannan ɗan Hangari ya zo Madrid a 1958 yana da shekara 31, da tumbi, bayan ya yi kusan shekara biyu ba ya wasa, mutane na cewa ya gama. A daren nan ya ci huɗu a jere: ɗaya da ƙafarsa ta hagu daga matsattsiyar kusurwa, ɗaya a fenariti, ɗaya da ka, ɗaya bayan ya juya da ƙwallo a cikin da'ira. Frankfurt ta rama ɗaya, ana ɗaukar ƙwallo daga tsakiya Di Stéfano ya ratsa su ya ci ta ukunsa. Aka tashi 7-3. Har yau ba a sake cin ƙwallo goma a wasan ƙarshe na gasar ba, ba a kuma sake samun wanda ya ci huɗu shi kaɗai ba. Cikin 'yan kallo akwai wani matashi ɗan shekara 18 mai suna Alex Ferguson.

Di Stéfano ya ci ƙwallo a duka wasannin ƙarshen biyar. Ya bar wa ƙungiyar ƙwallo 308 a wasa 396, da 49 a gasar Turai, adadin da ba a wuce ba sai a 2005. Puskás ya ci 242 a wasa 262. Amma bayan Inter ta doke Madrid 3-1 a wasan ƙarshe na 1964, Di Stéfano ya saɓa da koci Miguel Muñoz a kan tsarin wasa. Bernabéu ya goyi bayan koci. Mutumin da aka gina sunan ƙungiyar a kansa ya tattara ya koma Espanyol yana da shekara 38. Daga nan aka kafa al'adar da za ta hau kan na baya.

Gento da gidan da ba a shiga

Wanda ya tsira daga wannan al'ada shi ne Francisco Gento, ɗan gefen hagu mai gudun tsiya da ya zo daga Racing Santander a 1953 ya zauna har 1971. Yana cikin tawagar kofuna biyar, shi ne kuma kyaftin a 1966 lokacin da Madrid ta fito da 'yan Sifaniya zalla ta doke Partizan ta Belgrade 2-1, ta ɗauki na shida. Kofin Turai shida ga mutum guda, sai bayan shekara 58 aka kamo shi. La Liga kuwa sau 12 ya ci, kuma babu wanda ya kamo shi.

A zamaninsa aka kafa tarihin da ya fi kowane wuyar maimaitawa. Daga Fabrairu 1957 zuwa Maris 1965 Madrid ta buga wasan La Liga 121 a gidanta ba a doke ta ba, shekara takwas cur, sai da maƙwabciyarta Atlético ta zo ta ci 1-0. Cikin wannan tsakani ta ci Elche 11-2 a 1960, nasararta mafi girma a La Liga, ta kuma ɗauki kofin sau biyar a jere daga 1961 zuwa 1965. Muñoz, wanda ya fara cin Kofin Turai a matsayin ɗan wasa kuma koci, ya riƙe ƙungiyar daga 1960 zuwa 1974, ya jagoranci wasa 605 gaba ɗaya, ya ci La Liga tara. Babu kocin Madrid da ya ko kusanci wannan daɗewa.

Shekara 32 ana jiran na bakwai

Bayan 1966 kofin gida bai yanke ba, amma na Turai ya ƙi zuwa. Santillana, gwanin cin ƙwallo da ka, ya yi wasa 645 ya ci 290, bai taɓa ɗaga Kofin Zakaru ba; Liverpool ta doke su 1-0 a wasan ƙarshe na 1981. Di Stéfano ya dawo a matsayin koci a 1982, ya kuma kafa tarihin da ba a so: a kakarsa ta farko ƙungiyar ta zo ta biyu a gasa biyar, har da wasan ƙarshe na Turai da Aberdeen ta ci ta 2-1. Kocin Aberdeen shi ne Ferguson, ɗan kallon nan na Hampden.

Duk da haka Di Stéfano ne ya buɗe wa matasan gida ƙofa. Emilio Butragueño, Manolo Sanchís da Martín Vázquez sun fito a hannunsa, Míchel ya biyo su. Da aka haɗa su da Hugo Sánchez ɗan Meziko, wanda aka ɗauko daga Atlético a 1985, sai suka ci La Liga biyar a jere daga 1986 zuwa 1990, da kofin UEFA a 1986, bayan wanda suka ci a 1985 kafin zuwansa. A kakar 1989/90 ƙungiyar ta ci ƙwallo 107, Sánchez shi kaɗai ya ci 38, kowace da taɓawa guda, ba tsayar da ƙwallo ba yanka, sai alkafura bayan ta shiga. Ya kamo tarihin Telmo Zarra na Bilbao da ya tsaya tun 1951.

A wata ƙungiyar da wannan tawaga ta zama abin alfaharin ƙarni. A Madrid kuwa, abin da aka fi tunawa shi ne an fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakaru sau uku a jere, na ƙarshen ma Milan ta yi musu 5-0 a 1989. Ma'aunin da Di Stéfano ya bari ke nan: duk abin da ka ci, in ba kofin nan a ciki, ba ka gama aiki ba.

Na bakwai ya zo a 1998 a Amsterdam, Predrag Mijatović ya ci Juventus ƙwallo ɗaya tilo. Wanda ya ɗaga kofin shi ne Sanchís, ɗan wani daga cikin gwarazan 1966, wanda ya yi duka rayuwarsa ta ƙwallo a Madrid da wasa 710. Kocin da ya kawo ƙarshen jiran, Jupp Heynckes, an sallame shi bayan 'yan kwanaki, saboda ƙungiyar ta ƙare ta huɗu a La Liga.

'Yan gida da 'yan kasuwa

Raúl González yaron Atlético ne, sai shugabanta Jesús Gil ya rufe sashen matasa don rage kashe kuɗi, yaron ya tsallaka titi. Ya fara wasa a 1994 yana da shekara 17, ya yi wasa 741, adadin da ba wanda ya kai har yau. Ya ci ƙwallo 323, ya wuce Di Stéfano a Fabrairu 2009, kuma ba a taɓa ba shi jan kati ba. Na biyunsa a yawan wasa shi ne gola Iker Casillas da 725. Casillas ya tsare raga a wasan ƙarshe na 2000 da aka ci Valencia 3-0, kwana huɗu bayan ya cika shekara 19. A 2002 kuma daga benci ya shigo ya tare ƙwallayen Leverkusen a mintunan ƙarshe, bayan Zinedine Zidane ya ɗauki ƙwallo a sama da ƙafar hagu ya ci ƙwallon da ta kawo kofi na tara.

A lokacin Florentino Pérez ya hau shugabanci, tun 2000, da alkawarin ɗauko Luís Figo daga Barcelona, ya kuma cika. Ya karya tarihin tsadar ɗan wasa a duniya da Figo, ya sake karyawa da Zidane a 2001, da Cristiano Ronaldo a 2009 kan fam miliyan 80, da Gareth Bale a 2013 kan kusan Yuro miliyan 100. Tsarin Bernabéu ne a sabuwar riga, sai dai kuɗin talabijin da talla sun karɓi gurbin kuɗin tikiti. Ba kullum ya yi aiki ba. A 2003 an sallami koci Vicente del Bosque kwana ɗaya bayan ya ci La Liga, aka sayar da Claude Makélélé mai share tsakiyar fili, aka kawo David Beckham. Daga 2005 zuwa 2010 aka fitar da Madrid a zagayen 'yan 16 sau shida a jere.

Raúl ya tafi Schalke a 2010 da ya ga benci na jiransa. Casillas ya tafi Porto a 2015, ya yi bankwana shi kaɗai a gaban 'yan jarida yana hawaye, bayan shekara 25 a gidan.

Ronaldo da minti na 93

Tarihin da Raúl ya gina cikin shekara 16, Ronaldo ya rushe shi cikin shida da 'yan watanni, a Oktoba 2015. Ya bar Madrid da ƙwallo 450 a wasa 438, wato ƙwallayensa sun fi wasanninsa yawa. Ƙungiyar kanta 451 take ƙirgawa, saboda wani bugun tazara da ya yi wa Real Sociedad a 2010 wanda ya taɓa jikin Pepe kafin ya shiga, alƙalin wasa ya rubuta wa Pepe. Sau 44 ya ci uku rigis. Ya ci 61 a kakar 2014/15, da 17 a Kofin Zakaru na 2013/14, tarihin gasar a kaka guda. A ƙarƙashin José Mourinho, a 2011/12, Madrid ta zama ta farko da ta haɗa maki 100 a La Liga, da ƙwallo 121, adadin da har yau ba a kai ba.

Amma ƙwallon da ta fi kowace nauyi a zamanin nan ba Ronaldo ya ci ta ba. A Lisbon, 24 ga Mayu 2014, Atlético na gaba 1-0 ta hannun Diego Godín, an shiga ƙarin mintunan alƙali, kuma shekara 12 ke nan Madrid na neman kofi na goma. Luka Modrić ya bugo kwana daga dama. Sergio Ramos ya zame wa masu tsaronsa, ya tashi ya sa mata kai, ta nufi gindin turken nesa inda hannun Thibaut Courtois bai kai ba. Agogo na nuna minti 92 da daƙiƙa 48. A ƙarin lokaci ƙafafun Atlético suka mutu, Bale, Marcelo da Ronaldo suka ƙarasa, 4-1. Di Stéfano ya rasu makonni shida bayan haka.

Daga nan tarihi ya riƙa zuba. Koci Carlo Ancelotti ya ci wasa 22 a jere a ƙarshen 2014, aka sallame shi a Mayu 2015 don bai ci babban kofi ba a kakar. Zidane ya zama koci a Janairu 2016, ya ci Kofin Zakaru uku a jere, a kan Atlético, Juventus da Liverpool, ya yi wasa 40 ba a doke shi ba, ƙungiyarsa kuma ta ci ƙwallo a wasa 73 a jere. Ya ajiye aiki da kansa kwana biyar bayan kofi na uku. Ronaldo, wanda dangantakarsa da Pérez ta yi tsami, an sayar da shi ga Juventus kan Yuro miliyan 100 a bazarar nan ta 2018. Ramos ya yi wasa 671, ya ci 101 duk da mai tsaron baya ne, ya kuma karɓi jan kati 26, tarihin ƙungiyar. A 2021 ya ja lokaci a kan tayin shekara ɗaya, da ya dawo ya ce ya amince, aka ce masa wa'adin tayin ya wuce.

Bayan tafiyar manya

An ɗauka tafiyar Ronaldo za ta durƙusar da ƙungiyar. Karim Benzema, wanda ya yi shekara tara yana share masa hanya, ya fito fili. A 2022 ya ci PSG uku a rabin lokaci na biyu, ya ci Chelsea uku a Landan, ya kuma ci fenaritin da ya fitar da Manchester City bayan Rodrygo ya ci biyu cikin minti biyu a ƙarshen wasa. A wasan ƙarshe Courtois, golan da Ramos ya ci a Lisbon, yanzu a rigar Madrid, ya tare ƙwallo tara, aka ci Liverpool 1-0. Benzema ya tafi Saudiyya a 2023 da ƙwallo 354, shi ne na biyu a tarihi.

Kofi na 15 ya zo a Wembley a 2024, kan Dortmund 2-0. A daren Modrić, Dani Carvajal da Nacho suka kamo Gento da kofi shida-shida, Toni Kroos ma ya cika shida in aka haɗa da wanda ya ci a Bayern. Modrić, wanda masu karanta jaridar Marca suka zaɓa a 2012 a matsayin sayayya mafi muni ta shekara, ya bar ƙungiyar a 2025 da kofi 28, fiye da kowa. Ancelotti da aka kora ya dawo a 2021, ya tara kofi 15, ya wuce Muñoz.

Littafin yana da giɓinsa. Har zuwa 2025 Madrid ba ta taɓa haɗa La Liga, Copa del Rey da Kofin Zakaru a kaka guda ba, abin da Barcelona ta yi sau biyu. A Oktoba 2024, tana da wasa 42 a La Liga ba a doke ta ba, saura ɗaya ta kamo tarihin Barcelona, Barcelonan ta zo har gida ta ci ta 4-0. Ronaldo da duk ƙwallayensa La Liga biyu kacal ya ci cikin shekara tara.

Tarihin cin ƙwallo na ɗaiɗaikun mutane a wannan gida ya daina daɗewa. Na Di Stéfano ya yi shekara 45, na Raúl bai kai bakwai ba, domin yanzu wasanni sun yi yawa, 'yan wasa kuma suna daɗewa a fili. Waɗanda za su yi wuyar taɓuwa su ne na haɗin gwiwa: kofin Turai biyar a jere, wasa 121 a gida, La Liga 12 ta Gento. Hanyar da Madrid ta bi ta tara su tana da ɗaci, kuma wanda ya ce an yi wa Casillas ko Del Bosque butulci bai yi ƙarya ba. Sai dai ƙungiyar ta ci Kofin Zakaru shekara biyu bayan tafiyar Di Stéfano, shekara huɗu bayan Raúl da Ronaldo, shekara ɗaya bayan Casillas, Ramos da Benzema. Muddin lissafi na fita haka, ba shugaban da zai sauya hali, kuma duk tauraron da ya sa hannu a Madrid ya san sharaɗin tun kafin ya sa rigar.